Farfesa Ba-Kuskure da Ɗigo Ashirin da Huɗu

Allah ya yi wa unguwar Amrigebe baiwa, kuma ba ƙarama ba. Wasu unguwannin N'Djamena suna taƙama da kasuwa, wasu da kwalta, wasu da famfon da ke tunawa da su sau biyu a mako. Amrigebe kuwa tana da Malam Zulkiflu Mustafa, malamin fizik a lise, wato babbar sakandare, mutum ɗaya tilo daga bakin kogin Shari har Hamada da ya taɓa harbin ƙwayar zarra ya same ta. Da bakinsa ya faɗa, kuma wa zai fi shi sani?

Asalin wannan ɗaukaka shi ne, a shekarar 1993 an tura shi kos na wata uku a wani ɗakin bincike a Turai. A can akwai wani ƙaton inji a ƙarƙashin ƙasa, mai juya wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira furoton yadda ake juya dutse a majajjawa. In sun yi gudu iyakar gudu sai a sake su, su faɗa kan fallayen jan ƙarfe da ba su kai takarda kauri ba, an jera su ɗaya bayan ɗaya, kowane falle yana rage musu gudu kafin su kai ga na bayansa. Duk furoton ɗin da ya dace da zuciyar ƙwayar zarra, sai zarrar ta rikiɗe, jan ƙarfe ya koma tutiya, ta riƙa fitar da wani haske da ido ba ya gani. Daga nan a kai fallen gaban wata na'ura ta ƙirga. Aikin Malam Zulkiflu a wannan gagarumin yaƙi shi ne ɗaukar fallayen da awartaki, ya sa a akwatin dalma, ya tura daga wannan ɗaki zuwa wancan, sannan ya kwafe lambobi a littafi. Amma in ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse shi ya riƙa jefa furoton ɗin da hannunsa, ɗai-ɗai.

Ya dawo gida da littafin nan mai lambobi ashirin da huɗu, da disket ɗin kwamfuta da masu masaukinsa suka ba shi kyautar sallama, da wani ɗan bajo na roba mai auna hasken da ya shiga jikin ma'aikaci, wanda ya kamata ya mayar ranar tahowa amma ya manta da gangan. Wannan bajo ya ga duniya. Ya je Juma'a a ƙirjin babbar riga, ya je suna, ya je ta'aziyya. Ɗalibai suka sa wa mai shi Harbi-Ɗaya, dattawan unguwa suka ce Sarkin Bakan Zarra. Shi kuwa duk wanda aka kira amsawa yake, don bai taɓa jin ƙamshin ba'a a ciki ba.

Kowace la'asar yakan zauna a gindin darbejiya kusa da mai shayi, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya jira a yi masa tambaya. In ba a yi ba, ya amsa duk da haka.

"Jama'a, ku dubi wannan ƙwayar sukari," yakan ce, yana ɗaga yatsa sama. "Zarrar da ke cikinta ta fi yashin Shari yawa. In zarra ɗaya ta kai filin ƙwallo girma, zuciyarta ba ta wuce ƙwayar gero ba. To, wannan ƙwayar geron na harba, daga nesa, ba tare da na gan ta ba, na same ta. Turawa suka miƙe tsaye gaba ɗaya!"

Gaskiya ne an miƙe tsaye a ranar, domin lokacin cin abincin rana ya yi.

Mutum ɗaya ce a unguwar ba ta cika ruɗuwa da bajo ba, wato Goggo Indo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goya shi yana tsumma. Rannan ta tare shi a zaure da warawaranta na jan ƙarfe a hannu.

"Ɗan nan, an ce kana mayar da jan ƙarfe tutiya. Tutiya me zan yi da ita? Ga waɗannan, mayar min da su zinariya kafin bikin jikata."

"Goggo, a ilmance mafi mushkila, babu matsala. Kuran ne babu, wutar lantarki. In na kunna injin da zai yi wannan aiki, garin nan zai shekara cikin duhu."

"To, da ma a haske muke?" in ji ta. Ta mayar da warawaranta hannu ta wuce.

Shi dai disket ɗin nan, abin da ke cikinsa lissafi ne da masana suka tsara. Ka gaya wa kwamfuta irin harsashin da irin ƙarfen, ita kuma ta zana maka layi mai nuna yawan zarrar da ya kamata ta rikiɗe a kowane gudu. Masu wannan sana'a sukan ɗora lambobin da suka auna da gaske a kan zanen, ɗigo-ɗigo, su ga inda layi ya dace da awo da inda ya kauce. Gudummawar Malam Zulkiflu ga wannan fanni ita ce, ya goge sunan lissafin ya sa masa ZULKI-1. Shekara takwas yana ce wa mutane saura ƙiris duniya ta ji labari.

A farkon shekarar 2001 duniya ta ƙwanƙwasa ƙofa. Wata cibiyar kimiyya a Italiya ta shirya taron mako biyu na masu wannan fanni, ta ware wa Chadi kujera ɗaya, da tikitin jirgi, da masauki. Mutum biyu suka nema, shi da wani Malam Dauda na unguwar Habbena, malamin fizik mai magana ƙasa-ƙasa da tsohon keke. Za a turo wata Dakta Safiyatu, 'yar Damagaram mai aiki a cibiyar, ta saurare su ta zaɓi ɗaya.

Malam Zulkiflu bai ga dalilin ɓata wa jama'a lokaci da jiran sakamako ba. A ranar da takardar ta iso ya sanar a gindin darbejiya cewa Turai ta kasa, ta aiko a taimaka mata. Kafin magariba labari ya gama unguwa. Liman ya sa shi a addu'a. Mahauci ya ƙara masa tsoka. Maza bakwai suka kawo masa awon ƙafarsu a jikin igiya, domin kowa ya san takalmi sai Italiya. Tun ba a yi zaɓe ba mutumin ya riga ya jingina mutuncinsa kaf a kan kujerar nan, kuma bai ga wani haɗari a ciki ba.

Abin da ya rage shi ne a buga zanen. Ya ɗauki littafi da disket ya nufi wani shagon buga takardu a unguwar Gardole, mai kwamfuta biyu da janareto mai tari. Mai bugun wata mata ce, Hansai, wadda yatsunta suka buga rabin takardun neman aikin garin nan, ba a taɓa dawo mata da ko ɗaya ba. Ta shigar da lambobin littafin a jeri ɗaya, na lissafin a jeri na biyu, ta fitar da zane. Layi ya tashi ya yi tozo ya gangara. Ɗigon kuwa wasu na sama da shi, wasu na ƙasa, biyar sun yi nasu wuri can gefe. Kowane ɗigo yana da 'yar sanda a tsaye a jikinsa, wadda masu awo ke sawa don a san iyakar shakkar da ke cikin lambar.

Malam Zulkiflu ya dubi takardar kamar an zagi mahaifinsa.

"Madam, da shunu? Mene ne wannan? Waɗannan sandunan fa? Ɗigona guragu ne da za su riƙa dogarawa? Cire su!"

Ta cire.

"Waɗannan kuma da suka sauka daga layi, yatsunki ne suka zame."

Hansai ta buɗe masa littafin, ta nuna masa lamba-lamba cewa abin da ke rubuce ta buga. Ya ture littafin da bayan hannu.

"Shekara takwas ina renon wannan layi. Layina ba ya kuskure. Littafi kuwa hannun ɗan Adam ne ya rubuta shi."

"Ai hannunka ne, Malam."

"A gajiye nake ranar. Gyara!"

Kwana huɗu ana wannan. Ya zo da safe, ya sa tabarau, ya ɗora rula a kan takarda, ya ce ɗigo na sha ɗaya ya yi rashin kunya. Ta sake bugawa, ya dawo da azahar ya ce na sha bakwai ya bi sahunsa. Ya yi mata lacca kan natsuwa a gaban masu jiran layi. Ya tambaye ta ko ta gama firamare. A rana ta biyar Hansai ta tashi da ciwon kai, ga takardun mutane jibge a kan tebur, ga janareto yana barazanar mutuwa. Ta dubi jerin lambobin nan biyu, ta yi tsaki, ta kwafe jerin lissafi gaba ɗaya ta zuba shi a gurbin jerin awo. Ɗigo ashirin da huɗu suka hau layi suka zauna daram, kamar 'ya'yan carbi a zare.

Da Malam Zulkiflu ya ga takardar, ƙwalla ta cika masa ido, kuma ƙwallar gaske ce, don a ransa ya yarda abin da ya daɗe yana faɗa ne ya tabbata. Bai tambayi yadda aka yi ba. Babban mutum ba ya tambayar yadda aka yi.

"Kin gani ko? In aka natsu, halitta da kanta takan bi bayana. Kalas, an gama! Ranar taro za ki zo ki riƙe min takardu, ki ga yadda ake yi."

Daga nan ya sa aka buga kwafi hamsin. An liƙa ɗaya a teburin mai shayi, ɗaya a shagon aski. A ranar ne ɗalibai suka yi masa ƙarin girma zuwa Farfesa Ba-Kuskure, shi kuma ya ce sunan ya ɗan yi tsawo amma ba ƙarya a ciki.

Ranar zaɓe mutanen Amrigebe suka cika a-kori-kura biyu suka raka shi. Mai gadin zauren ya ce ba a shiga sai masu takarda, don haka suka yi dafifi a waje, ƙarƙashin tagogi. Malam Dauda ya fara. Ya nuna zanensa da ɗigo a warwatse, kowane da sandarsa, ya ce a wuri kaza lissafi ya kauce wa awo da kashi ashirin cikin ɗari, kuma shi bai san dalili ba, abin da yake so ya je ya koyo ke nan. Farfesa ya ji tausayinsa ƙwarai. Mutum ya tsaya gaban baƙi ya ce bai sani ba!

Sai ya miƙe, ya gyara bajo, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Madam Dakta, 'yan kwamiti, yau ranar hutu ce ga kimiyya. Tun da aka fara harbin zarra, masana suke fama da saɓani tsakanin awo da lissafi. Wasu kashi goma, wasu kashi ashirin, kamar yadda ƙanena ya nuna yanzu cikin ƙarfin hali. Ni na kawo muku sifiri. Ba kusan sifiri ba, sifiri tsantsa! A Amrigebe aka kashe wannan gardama, kuma ba na neman godiya."

Dakta Safiyatu mace ce marar hayaniya. Ta daɗe tana duban zanen, sannan ta tambayi inda sandunan suke.

"Na sallame su. Sanda ta mai shakka ce."

Ta nemi jerin lambobin, Hansai ta miƙa mata. Ta ɗora biro a layin farko ta karanta a bayyane: awo, arba'in da ɗaya da ɗigo bakwai uku shida biyu, lissafi, arba'in da ɗaya da ɗigo bakwai uku shida biyu. Ta karanta na biyu, haka. Na uku, haka. Farfesa yana gyaɗa kai a kowane layi, baki har kunne, yana duban 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya rasa ganinsa.

"Malam," in ji ta, ta ajiye Faransanci ta koma Hausa don ta rufa masa asiri gwargwado, "ka yi aiki da na'urar ƙirgan nan da hannunka. Ka san in ta ƙirga falle ɗaya sau biyu a jere, ba za ta ba ka lamba ɗaya ba. To, yaya aka yi ta dace da lissafi har lamba huɗu bayan ɗigo, sau ashirin da huɗu? Wa ya shigar da waɗannan?"

A nan ne tarihi ya kafu. Karo na farko a rayuwarsa Malam Zulkiflu ya yarda wani ya taya shi aiki. Ya nuna Hansai da hannu biyu.

Hansai ta miƙe ta gyara mayafi. "Ni ce, Dakta. Kwana huɗu yana cewa layinsa ba ya kuskure, ɗigon ne marasa kunya. Sai na kwafe lambobin layin na sa a wurin na ɗigon. Wallahi tun ranar bai sake yi min faɗa ba."

Wani dattijo a kwamitin ya so ya danne dariya, ta fito masa ta hanci. Na kusa da shi ya kama. Kafin ka ce me, zauren ya ɗauka, har da buga tebur. A waje mutanen Amrigebe suka ji ƙara ta tagogi suka ce ai shi ke nan, ɗanmu ya kayar da su, suka kama tafi.

Dakta Safiyatu ba ta yi dariya ba. Ta ce masa shekara takwas ɗin ba ta tafi a banza ba in ya yarda: ya dawo da lambobin littafinsa na gaske, musamman biyar ɗin nan da suka bauɗe, domin a irinsu ake samun abin koyo, ya sake nema baɗi. Kujerar bana kuwa ta Malam Dauda ce.

Ya fito. A bakin ƙofa ya ga fuskoki sun fi sittin, duk suna washe baki, sai tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. A gaskiya ya buɗe baki da niyyar faɗin abin da ya faru. Sai wata mata ta rangaɗa guɗa, mahauci ya rungume shi, masu igiyar takalmi suka matso. Ya ɗaga hannu.

"Jama'a, kimiyya ta yi magana."

Aka ɗauke shi sama.

Tun da kimiyya ta yi magana, dole a yi tafiya. Aka yanka rago. Ya sayi wata ƙatuwar rigar sanyi a gwanjo, ya sa ta ranar tashi, cikin zafin watan Afrilu, gumi na bin ƙafarsa har cikin safa. Ya hana kowa rakiya zuwa filin jirgi, ya ce ƙa'idar masu harkar nukiliya ce, ba a ganin tashinsu. Tasi ta ɗauke shi ta nufi hanyar filin jirgi, ana ɗaga masa hannu. Da aka sha kwana biyu ya taɓa kafaɗar direba ya ce a juya zuwa gadar Ngeli. Kafin azahar Farfesa ya sauka lafiya a ƙasar waje, wato Kuseri ta Kamaru, wadda in ka tsaya a bakin ruwa kana hango rufin gidajen N'Djamena.

Ya kama ɗaki mai rufin kwano a bayan tasha, ya ƙudura zai yi mako biyu bai leƙa waje ba. Kwana takwas ya yi yana kallon silin yana cin burodi da sardin. Yunwa ba ta dame shi ba, zafi ma ya jure. Abin da ya kusa kashe shi shi ne kwana takwas bai yi wa kowa bayani ba.

Ranar Alhamis, ranar kasuwa, ya tuna da takalman Italiya ƙafa bakwai da ake jira. Ya naɗa rawani har hanci, ya sa baƙin tabarau, ya ɗauki igiyoyinsa ya shiga kasuwa yana bin gefe-gefe. Ya sayi huɗu lafiya. Yana cinikin na biyar sai ya ji gardama a rumfar mai gyaran rediyo: wai me ya sa batir in ya mutu aka shanya shi a rana yake farfaɗowa? Wani ya ce rana ce ke zuba masa wuta. Wani ya ce ƙarya ne, hutawa yake yi.

Farfesa ya dafe ƙirji. Ya yi taku uku ya wuce. Ya tsaya. Ya ce wa kansa ka yi shiru, Zulkiflu, saura kwana biyar. Sai na farkon ya sake cewa rana ce ke zuba wuta, har da rantsuwa.

"Subhanallahi! Jama'a, jama'a, ku saurara!" Rawani ya sauka daga hanci, yatsa ya tashi sama. "Ku yi wa kanku gata, yau Allah ya kawo muku wanda ya harbi ƙwayar zarra ya same ta!"

Muryar da ta saba cika aji mai ɗalibi ɗari da ashirin ta ratsa layin takalma, ta ratsa layin atamfa, ta isa layin sabulu. A can kuwa wata tsohuwa da takan tsallako sarin sabulu duk Alhamis ta tsaya cak, ta karkata kunne, ta ce wa mai shago ya dakata. Ta bi muryar nan har rumfar mai rediyo, ta ratsa taro, ta tsaya a gabansa ta riƙe ƙugu.

"Zulkiflu."

Yatsan ya sauko a hankali.

"Italiyar ke nan?" in ji Goggo Indo.

Ya dubi takalman da ke rataye a wuyansa, ya dubi jama'a, ya cire tabarau ya mayar. "Goggo, a ilmance, kowane awo yana da 'yar tazara, ko ta sama ko ta ƙasa..."

"Rufe min baki. Kakanka ya tashi daga Katsina zai je Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a garin can na tsallake, ya zauna, har ya mutu yana jin kunyar abin. Amma shi wata takwas ya yi yana tafiya, kuma gabas ya nufa. Kai gada ɗaya ka tsallaka, a tasi, ita ma ta baya ka bi!"

Masu gardamar batir suka manta da batir. Mai rediyo ya rage ƙarar rediyonsa don kada wani abu ya wuce shi. Goggo ta yafito mai shagon sabulu, ta nuna masa inda zai sauke kayan.

Haka Farfesa ya dawo daga Italiya kwana biyar kafin lokaci, a ƙafa, da katan ɗin sabulu a ka.